Jimlar da Kika Ƙi Rubutawa a Kan Ruwan Baffanki

Runjin Sambo,
Sakkwato.

Zuwa ga ɗiyata Hauwa'u Kulu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na ƙarfe, Ya haɗa ki da abokan zama na kirki a wannan zangon naki na ƙarshe. A ƙasan jakarki zan cusa ta, ƙarƙashin ƙullin yaji da daddawa, don na san hannunki ba zai kai can ba sai kin isa makaranta yunwa ta taso ki. Kin san ni da ke ba mu iya doguwar magana ido da ido ba. Ke ki sunkuyar da kai kina murza bakin hijabi, ni kuma in kama zancen tsadar gawayi har lokaci ya ƙure. Shi ya sa na ɗauki biro.

Labarin gida ba sai na ba ki ba, ke kika baro shi. A kan kundin digirinki zan yi magana.

Na ga babin farko da malamin da ke duba aikinki ya maido miki. Ba bincike na yi miki ba, a kan tabarma kika bar shi kika tafi kitso, ni kuwa tsohuwar malamar makaranta in ta ga jan biro sai ta leƙa. Ya ja layi a ƙarshen gabatarwarki, ya rubuta a gefe cewa har yanzu bai ga matsayarki ba, kuma daga wannan gyaran ba zai karɓi wani ba kafin a rufe. Kin san abin da hakan ke nufi, 'yan ajinku su fita su bar ki kina maimaita shekara. Na karanta jimlar da ya ja wa layin. Da Turanci kika yi ta, amma in an juyo ta Hausa cewa kika yi wannan bincike zai duba wasu daga cikin abubuwan da ka iya jawo wa ƙananan yara gudawa a wani sashe na unguwarmu lokacin damina. Wasu, daga cikin, ka iya. Kulu, ko mai bin ki da sanda ba zai kama ki a cikin jimlar nan ba, ko'ina kin bar wa kanki hanyar gudu.

Kuma na san ba rashin sani ba ne. Tun da kika bi gida-gida da 'yan kwalabenki kina ɗibar ruwa kika kai ɗakin gwaji, kika dawo kika fara tafasa mana ruwan sha ba ki ce uffan ba. Na tambaye ki, kika ce wai haka kawai. Babu mai ƙona gawayi haka kawai a zamanin nan. A bayan babin na ga sakamakon gwajin. Ruwan da ke fitowa daga rijiyar burtsatse lafiyarsa lau, sai ya kwana a tankin ƙasa na bakin kwata yake lalacewa, kuma gidajen da 'yan garuwa ke kai wa ruwan tankin nan su ne yaransu suka fi kwanciya. Tankin na Baffanki Modi ne, yayan mahaifinki, wanda ya riƙe mu tun ranar da aka kai mahaifinki makwancinsa, bai taɓa yi mana gori ba. Nan take na gane abin da ya riƙe miki hannu. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da ke ba, don irin rubutun nan na san inda kika gado shi.

Kin san na yi digirina ne da girma, a karatun hutu, ina goyon ƙaninki. Lokacin ina koyarwa a wata firamare ta ƙauye can bayan Wamakko. Abin da ya dame ni a makarantar shi ne 'yan mata. A ƙananan azuzuwa sun kusa fin maza yawa, amma da an kai manyan aji sai ki ga suna zarewa ɗaya bayan ɗaya. Da aka ce kowa ya kawo abin da zai yi kundi a kai, na ce wannan zan yi.

Akwai wata yarinya Ige a ajina, mai kai, mai son makaranta har ta riga ni zuwa ta share aji. Ta daina zuwa ba sallama. Na bi ta gida. Mahaifiyarta ta ja ni ɗaki, ta sake labule, ta rage murya ta ce:

"Malama, ba mu munka hana ta ba. Ɗiyar ga ta girma, ta hwara hwashin salla. Makarantakku ko babu inda mace ka kewayawa, sai bayan katanga inda yara maza ka leƙe. Ran nan ta ɓata tuhwahinta, sunka yi ta yi mata dariya har gida. Tac ce ko yanka ta za a yi ba ta komawa."

Daga nan na bi sauran gidajen, ina shiga ɗakin mata ina tambaya a hankali. Kusan ko'ina maganar ɗaya ce. Makarantar tana da wani tsohon makewayi da ya rufta, babu ƙyaure, babu ruwa. Na dawo gida amsar tana hannuna, ba ni da shakka a kanta ko kaɗan.

To, amma mai duba aikina dattijo ne, abokin mahaifina, zaure ɗaya suka ɗauki karatu. In na je ofishinsa sai na durƙusa na gaishe shi. Na ɗauki biro zan rubuta cewa 'yan matan makarantar nan suna barin karatu ne saboda babu makewayi mai ƙyaure lokacin da suka fara al'ada, sai na hango shi yana karanta kalmar da tabarau a hanci. Kunya ta rufe ni ni kaɗai a ɗaki. Na soke, na rubuta cewa akwai dalilai da dama, na jero su kamar yadda na gani a kundayen waɗanda suka riga ni: talauci, talla, nisan hanya, jahilcin iyaye, ƙarancin kayan aiki. Makewayin na ɓoye shi a cikin "kayan aiki", tare da alli da benci.

Ranar kare kundi, wani malami da aka gayyato daga waje ya juya shafukan, ya ɗago ya dube ni ya ce:

"Malama, mun ji abin da masana sunka ce. Ke mi kig gano?"

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, dalillan na da yawa."

"Wane yaf fi ƙarhi?"

"Duk suna da muhimmanci."

Ya yi murmushi ya rufe kundin. Na ci, da maki na tsaka-tsaki, na dawo gida aka yi mini barka. Da abin ya tsaya nan, da yanzu na manta.

Bayan an ɗan jima wata ƙungiya ta zo ƙauyen da niyyar taimakon karatun mata. Suka tambaya ko akwai wanda ya taɓa bincike a kan makarantar, shugabanmu ya miƙa musu kundina yana alfahari. Mutanen nan ba su da laifi, abin da na ba su shi suka karanta. Da yake ban ce ga dalilin ba, sai suka zaɓi wanda ya yi musu daɗin aiki. Ranar kasuwa suka zo da mota da lasifika, aka tara iyaye, wani ya tashi ya ce binciken da malamar 'ya'yanku ta yi ya nuna jahilcin iyaye ne ke hana mata karatu. Aka raba riguna masu rubutu a baya, aka watse. Ko bulo ɗaya ba a aza a makewayin ba.

Ina tsaye a gefe mahaifiyar Ige ta ratso mutane ta zo gabana. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malama, ni da nih hwaɗa miki gaskiya cikin ɗakina, yau ni aj jahila?" Ige ba ta dawo aji ba, ƙannenta mata ma da suka kai manyan aji haka suka zare. Duk lokacin da na tuna fuskar matar nan sai in ji kunyar da ta fi wadda na guje wa nesa ba kusa ba.

Don haka ki saurare ni. Jimlar da malaminki ke nema ba sanarwar abin da za ki duba ba ce, wannan kam taken kundin ya riga ya faɗa. Yana son ki ce abu kaza ne ke faruwa, saboda kaza. In babu "saboda" a ciki, ko a fili ko a ɓoye, ba ki gama ba. Kuma ga yadda za ki gwada ta: ki karanta wa ƙawarki ta ɗaki, ki tambaye ta ko wani mai hankali zai iya cewa bai yarda ba. In ta ce ai wannan babu mai musu, to ba ki ce komai ba tukuna. Wa zai yi musun cewa abubuwa da dama ka iya jawo gudawa? Ko Baffanki zai sa hannu a kai. Kundin kuwa ba a ɗakinki zai ƙare ba, wata rana wani zai ɗauko shi ya karanta wa jama'a da sunanki, ya cike gurbin da kika bari da abin da ya ga dama.

Kada kuma ki ɗauka cewa nake ki zama mai kaifin baki, don ta nan ma na faɗi. Bayan an maido ni cikin gari, abin yana ta ci mini rai shekara da shekaru. Wata rana aka yi babban taron malamai da masu duba makarantu, aka zo kan maganar 'yan mata. Na miƙe, duk abin da na haɗiye ya taso, na ce duk yarinyar da ta bar makaranta a ƙasar nan rashin makewayi ne ya kore ta, sauran dalilan duk zancen banza ne. Wani mai duba makarantu ya bari na gama, sannan cikin sanyin murya ya ambaci wata makaranta da aka yi wa sababbin makewayai, amma har gobe mata na barin ta. Aka yi dariya, aka ce Malama ta zauna, aka wuce zance na gaba. Da na ce a makarantar da na koyar, a manyan azuzuwa, wannan ne dalilin da ya fi ƙarfi, da babu mai iya ture ni, don na shiga gidajen da ƙafata. Na faɗi abin da ya fi hujjata girma, misali ɗaya ya kayar da ni, ya tafi da gaskiyar da ke ciki. Daga ranar har na yi ritaya, in na buɗe baki a taro sai in ji wani a baya ya ce ga Malama makewayi.

Ke kada ki ce ruwan unguwa guba ne, kada ki ce duk yaron da ya kwanta tankin ne. Layukan da kika bi kawai kika sani, daminar da kika auna kawai kika sani, ki tsaya a nan. Da ni ce, da wani abu mai kama da wannan zan rubuta: a layukan da aka bincika, gudawar yara lokacin damina ta fi alaƙa da ruwan da ake ajiyewa a tankin ƙasa, saboda ruwan yana fitowa da tsabta daga rijiya, a wurin ajiya yake gurɓacewa. Ki gyara ta da kalmominku na masu karatun lafiya, kin fi ni sanin su. Ba a son sunan mutum a ciki, ba ƙara kike kaiwa ba. Ki ajiye ta a ƙarshen gabatarwa inda mai karatu zai yi karo da ita tun bai gaji ba. Sannan kowane babi ya zama yana buɗewa a kanta, kamar yadda ɗakunan gidanmu duk tsakar gida suke kallo. Wanda kika ga ya juya mata baya ki cire shi, ko da kin sha wahalar rubuta shi.

Masu cewa ƙuda ne, ko ɗanyen mangwaro, ko rashin wanke hannu, kada ki yi kamar ba ki ji su ba. Ki ba su wuri a cikin aikin, ki faɗi inda suke da gaskiya, sannan ki nuna abin da ya sa naki dalilin ya rinjaya. In kuma kina cikin aiki kika ga hujja ta juya miki, ki canza jimlar, ba aya ba ce. Wannan ba abin kunya ba ne ko kaɗan.

Akwai wani abu kuma da ya fi waɗannan zauna mini a rai, don a kanki na yi shi. Ba na jin kin manta. Kina ƙarama, ba ki daɗe da shiga firamare ba, muka je gaisuwar salla gidan Baffanki a Ƙofar Rini. Yana ba baƙi labarin wata tafiya da ya yi da motar hatsi, yadda suka kwana a daji. Kina zaune a jikina kika ɗago kai kika ce, "Baffa, ba haka kac ce ba wancan karon. Cewa kay yi cikin tasha kunka kwana." Falon ya fashe da dariya, shi ma ya yi dariya har da tafa hannu. Ni kuwa na sa hannu ƙarƙashin hijabi na mintsine ki a cinya, mintsini na gaske. Ba ki yi kuka ba, kika dai dube ni. A hanyar gida na yi ta yi miki faɗa, wai ɗiya mace ba ta kafewa a kan magana gaban manya, in ma ta sani sai ta ce wataƙila.

Kika kuwa ɗauka, don ke ba a faɗa miki abu sau biyu. Na ga yadda kika koma, a tambaye ki ko miya ta ji gishiri ki ce kamar dai ta ji. Mutane suna yaba mini tarbiyya, ina jin daɗi. Shekaru na yi ina koya wa 'ya'yan mutane insha'i, ga gabatarwa, ga gundarin bayani, ga kammalawa, ban taɓa ce wa ɗaya daga cikinsu ya faɗi abin da shi ya gani ya tsaya a kai ba. Da na ga jan biron nan a takardarki, sai na ji kamar ni malamin ya ja wa layi. Ladabi na so in koya miki, ban raba miki shi da ɓoye gaskiya ba, don ni ma a lokacin ban san ana raba su ba. Ana durƙusawa a gaida babba, a sassauta murya, a zaɓi lokaci, kuma a faɗa masa abin da yake. Ki yafe mini, Kulu.

Yanzu ga abin da ban gaya miki ba. Jiya da hantsi, da kika tafi sallamar ƙawayenki, na hau keke napep na tafi Ƙofar Rini. Na samu Baffanki a zaure yana jin rediyo. Muka gaisa, na tambayi iyali, na tambayi kasuwa, na kama zancen damina da yadda yara ke ta ciwo bana, da yadda kwatoci suka cika. Ina cikin haka na ji kaina ina rubuta kundina na da da baki. Shi ma ya lura, ya ce:

"Malama, tun ɗazu kina kewaye. Mi yah hwaru?"

Na ce, "Yaya, ruwan tankinka na bakin kwata shi ka sa ma yaran unguwa gudawa. Daga rijiya lahiya lau yaka hitowa, cikin tankin yaka ɓaci. Kulu ta auna ta gani."

Ya miƙa hannu ya kashe rediyon. Ya ce, "Kulu tac ce haka?"

Na ce, "A'a, Yaya. Kulu ba ta ce ba. Ta gwammace ta maimaita shekara da ta ce."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni da nir riƙe ta awa ɗiyata, ni za ta sa ga takarda?"

Na ce babu sunansa a ciki, ba kuma za a sa ba, amma ba zan ruɗe shi ba, ko ba suna unguwa ta san mai tankin. Ya ce, "Na jiya. Ki gaida gida." Bai rako ni bakin ƙofa ba kamar yadda ya saba. Da yamma kika ga ya aiko cewa motarsa ta samu matsala, ki nemi keke zuwa tasha, shi da bai taɓa barin ki tafi makaranta ba a motarsa aka kai ki ba. Kika ce Allah Ya sawwaƙe, ni ma na ce amin. Motar lafiyarta lau, a ƙofar gida na wuce ta ana wanke ta.

Na san ban nemi izininki ba, kuma aikinki ne ba nawa ba. In kin ji haushi kina da gaskiya. Ban san ko zai gyara tankin ba, ban san yaushe zai huce ba, mai yiwuwa mu daɗe muna gaisuwar nesa-nesa, kuma hakan zai yi mini ciwo don mutumin kirki ne. Amma fushin da kike tsoro ya riga ya sauka, a kaina ya sauka, kuma ga ni na kwana na tashi. Shirunki yanzu ba ya kare Baffanki daga komai, ya riga ya ji. Abin da ya rage kawai shekararki, da yaran da aka kai wa ruwan nan yau da safe.

Ki huta gajiyar hanya, ki ci abinci, sannan ki zauna ki rubuta ta. In kin gama, kafin ki kai wa malaminki, ki kira ni a waya ki karanta mini da Turancinta, sannan ki faɗa mini da Hausa. Ina son in ji ta daga bakinki.

Allah Ya tsare mini ke a inda kike, Ya kare ki daga ciwo da mugun ji da mugun gani, Ya buɗe miki ƙirji Ya daidaita miki harshe. Allah Ya ba yaran unguwa lafiya, Ya sanyaya zuciyar Baffanki Ya saka masa da alherin riƙon da ya yi mana, Ya jiƙan mahaifinki. Allah Ya maido mini ke gida lafiya tare da 'yan ajinku, amin.

Wassalam.

Ni ce,
Innarki.